Kiɗan Farko a Ƙofar Masassaƙi

Munzali jikan masassaƙa ne, daga wani ƙauye a gabashin Gumel. Kakanninsa turmi suke sassaƙawa da akushi da kujerar mata, in kuma makaɗa sun kawo aiki sai su fafe musu icen ganga da na kalangu. A ƙauyen nasu, kamar yadda ya sha gaya mini, masassaƙi ba ya bin ganga zuwa wurin wasa. In makaɗi ya karɓi icen, ya je ya ja masa fata, to kafin ya kai shi gidan biki ko bakin mahauta, sai ya dawo ƙofar masassaƙin ya yi kiɗan farko a nan. Masassaƙin yana zaune a zaurensa, ba ya roƙo, ba ya aikawa. Zuwa ake yi a same shi.

Ni tela ne. Shagona yana jikin warsha, wato shagon gyara, inda Munzali ya yi aiki a Gubaira, wata unguwa a birnin Riyad na Saudiyya, kuma ni nake ɗinka rigunan auduga masu kauri da ake lulluɓe kayansu da su in za a ɗora a mota. Abin da zan faɗa ta ƙofa na gan shi.

Allon da ke saman warshar cewa ya yi ana gyaran kujeru da kabad. Ana yi ɗin, a gaba-gaba. Amma in ka wuce labulen buhu sai ka tarar da manyan piyano masu ƙafa uku, wani a kwance ta gefe, wani an farke masa ciki. Mai warshar wani dattijo ne mutumin Halab ta ƙasar Siriya, ana ce masa Mu'allim Antun. Daga gidajen manya ake kawo masa su, da makarantun baƙi, duk sun sha wahala. Iskar Riyad ba ta da tausayi ga katako. Ga bushewa, ga na'urar sanyi tana hura su dare da rana. Faffaɗan allon da ke ƙarƙashin wayoyin, wanda shi ke ba abin murya, sai ya tsage kamar ƙasar fadama da rani.

Wannan allon shi ne aikin Munzali. Yakan bi tsagar da 'yar wuƙa ya daidaita bakinta, ya fere siririn katako daidai da ita, ya shafa gam na fata da yake dafawa a wata baƙar tukunya, ya cusa, ya danne, ya bar shi ya kwana biyu. Shi ke canza ulun da ke kan 'yan gudumomin da ke bugun wayoyi. Shi ke hawa rufin ɗaki da haƙoran piyano, haka muke kiran fararen maɓallan nan, ya shanya su a rana har jan da tsufa ya sa musu ya fita. In ya gama goge baƙin jikin, kana iya gyara hularka a ciki.

Amma duk shekarun nan bai taɓa jin muryar ko ɗaya ba.

Bangon warshar ɗaya ne da na wani ƙaramin masallaci, kuma a wancan lokacin ba a fitar da kiɗa bakin titi. Mu'allim Antun mutum ne mai kiyaye zaman lafiya. Da zarar an ɗaura wayoyi sai ya ɗauko wani dogon jan ƙyallen ulu ya saƙa shi a tsakaninsu. Ko ka danna haƙori, abin da za ka ji bai wuce tari ba. Sai an kai gidan mai shi, an rufe ƙofofi, sannan a zare ƙyallen a daidaita muryar. Tun farkon zuwan Munzali, Mu'allim ya taɓa ce masa ya shigo mota su je tare. Munzali ya ce, "Mu ba ma bin ganga." Mu'allim ya ɗauka maganar addini ce, ya girmama shi, bai sake tayawa ba.

Munzali da kansa ya nemo wa Dawuda biza, wajen shekarar 2010, a matsayin direban warsha. Ɗan ƙauyensu ne, ƙanen bayansa. Mahaifin Dawuda makaɗin mahauta ne, kuma duk kalangun da ya rataya a duniya daga zauren mahaifin Munzali ya fito. A gida, in Dawuda ya zo gaisuwa, a bakin zaure yake cire takalmi ya durƙusa. A nan ma da haka ya fara. Tire ɗaya suke cin abinci, ɗaki ɗaya suke kwana, ranar Juma'a su tafi kasuwar Aziziya tare su sayo kuɓewa da tattasai.

Sai Mu'allim ya lura cewa in yana tsinkar waya a hankali da ɗan guntun katako, direban nan yakan karkata kai, wani lokaci ya yamutsa fuska. Ya kira shi, ya ba shi abin ɗaure wayar ya ce ya gwada. Kunnen gado ne. Kafin a jima Mu'allim, wanda gwiwoyinsa suka fara ƙin hawa bene, ya daina zuwa gidaje. Dawuda ke tuƙa motar, 'yan dako su sauke, shi ya shiga ta ƙofar gaba ya zare jan ƙyallen.

Yakan dawo yana ƙamshin turaren wuta, aljihunsa cike da dabino.

"Yaya Munzali, yau 'yarka da ka gyara ta yi magana."

"Ta ce me?"

"Ta ce a gaishe ka. Wallahi Yaya, in ka ji muryoyin ƙasan nan, masu kaurin, kamar hadari yana haɗuwa a gabas. Har matar gidan sai da ta leƙo."

"In ta san hanya ta zo ta gaishe ni da kanta."

"Ga dabino, irin na Madina ne."

"Haƙorina yana ciwo."

Haƙorin Munzali lafiyarsa lau. Da yamma na gan shi yana tauna ƙashin kaza.

Ba zan ce ya tsani yaron ba. Shi ya kawo shi, kuma in wani ya taɓa Dawuda a gabansa sai inda ƙarfinsa ya ƙare. Sai dai ya zamana duk abin da Dawuda ya yi akwai gyara a ciki. Ya ajiye mota a karkace. Ya cika dariya. Ya sayi farar jallabiya, wai shi Balarabe. In Dawuda ya fara ba da labarin gidan da ya je, Munzali sai ya kunna injin goge katako, ko da babu abin gogewa.

Injin nan kuwa shi ya ci kunnensa. Ni na fara lura. Bango ɗaya ke tsakaninsa da ladan, amma sai ya ga muna jawo ƙofofin shaguna sannan ya ajiye aiki ya nufi famfo. In kana masa magana sai ya juyo maka da gefen hagu, yana kallon bakinka. Ya je wani asibiti a unguwar Shifa bai gaya wa kowa ba. Ni ma ban sani ba sai da ya shigo shagona ya zauna a kan buhun auduga, ya daɗe yana kallon keken ɗinki.

"Baba Lado, wai abin da ya tafi ba ya dawowa. Wanda ya rage ma bin sa zai yi."

Na ce Allah ya sa kaffara ne. Ya ce amin. Sai ya ce, "Siraran sauti su ke fara tafiya, in ji likitan." Ya tashi ya koma wurin tukunyar gam.

A shekarar 2014 aka kawo wani baƙin piyano daga wani tsohon gida a unguwar Malaz. Na wata tsohuwa ne, mahaifinta ya sayo mata tun tana yarinya. Ya fi duk waɗanda na taɓa ɗinka wa riga tsawo, kuma ya fi su lalacewa. Allon ya tsage a wurare da yawa, asu ya cinye ulun, ƙafa ɗaya tana rawa. Mu'allim ya duba ya ce mushe ne. Munzali ya ce a bar masa.

Zafi ya zo ya wuce yana kansa, sanyi ya shigo yana kansa. Na sha ganinsa kwance a ƙarƙashinsa da fitila a baki. In ya cusa katako a tsaga sai ya ƙwanƙwasa allon da ɗan yatsa, ba ya saurara da kunne, sai ya ɗora tafin ɗaya hannun ya ji yadda yake amsawa. Ko 'yan dako bai yarda su jingina da shi ba. Ranar da Dawuda ya ajiye kofin shayi a kai, har shagona na jiyo faɗan.

Babban murfin piyano yana da maɗauri biyu na tagulla a gefe, kowanne da ɗan siririn ƙarfe da ake zurawa ya riƙe shi. In za a ɗauka sai a zare ƙarafan a cire murfin, a ƙulle su a 'yar jaka su tafi tare. In babu ɗaya, murfin ba zai tsaya ba, sai an kira kafinta.

Ranar da za a kai shi Malaz, Talata ce. Munzali ya zo aiki da kaftanin da yake sawa ranar Juma'a, an goge, da hula sabuwa. Ban tambaye shi ba. Motar ta tafi da hantsi. Ya jawo kujera kusa da wayar warsha, ya zauna da gefen hagunsa wajenta. Bai ɗora tukunyar gam ba. Aka yi azahar, yana sallame salla ya riga kowa fitowa. Wayar ba ta yi ƙara ba.

Bayan la'asar Dawuda ya dawo yana waƙe-waƙensa.

"Yaya, wannan kam ka yi aiki. Tsohuwar nan tana danna haƙori ɗaya sai hawaye. Ta ce muryar gidan babanta ce ta dawo."

"Babu wata matsala?"

"Babu. Au, ɗan ƙarfen murfi ɗaya ne ya ɓace, 'yan dakon nan ba su da hankali. Na samu ƙusa a mota na lanƙwasa kanta na zura. Ta zauna daram. Halas, shi ke nan."

"Ƙusa."

"Ƙusa mana. Na ce kada in taso ka a banza cikin rana, tunda ba ka son shiga irin gidajen nan."

Munzali ya miƙe. Ban taɓa jin muryarsa ta kai haka ba.

"Ƙusa a jikin wannan? Abin da na kwanta a ƙarƙashinsa har bayana ya ƙage? Ai ba laifinka ba ne. Gadon gidanku ke nan, fata da igiya. A ba ku abu gyararre ku rataya a wuya ku je a yi muku liƙi."

Dawuda ya daina murmushi. "Yaya, gidanmu kuma?"

"Na faɗa."

"To. Allah ya huci zuciyarka."

Daga ranar tire ya zama biyu. Dawuda ya koma ɗaki a Shifa. Kasuwar Aziziya kowa da lokacinsa. Suna gaisawa, don Musulmi ne kuma 'yan gari ɗaya, amma irin gaisuwar da ake yi wa mai gadin banki. Kaftanin nan ban sake ganin sa ranar Talata ba.

Sannan garin ya fara canzawa. Abin da ake rufe wa ƙofa ya fito fili. Otal-otal da wuraren shan gahwa kowa yana neman piyano, kowa kuma yana neman wanda zai daidaita masa murya. Wayar Dawuda ba ta hutawa. Ya sayi mota tasa. Larabawa suna kiransa Ustaz Dawud. In ya shigo warsha yana magana a waya da Larabci, Munzali yakan bi bakinsa da kallo, sannan ya sunkuyar da kai kan aikinsa. Mu'allim Antun dai bai daina saƙa jan ƙyallensa ba. Ya ce masallacin bai matsa ba, shi ma ba zai matsa ba.

A 2019 Munzali ya ce ba zai sabunta iƙama ba, wato takardar izinin zama. Matarsa Balaraba ta gaji da rainon jikoki ita kaɗai, kuma kunnen ya kai inda in mota ta yi masa ƙaho a baya ba ya waiwayawa. Kafili, wanda ya tsaya masa a wurin hukuma, ya sa hannu a takardar fita ta ƙarshe. Ana cikin haka sai ga baƙin piyanon Malaz ya dawo. Tsohuwar ta rasu, jikanta zai buɗe wurin shan gahwa a arewacin gari, yana so a sake goge shi, kuma murfin ya fara karkacewa.

Ina wurin ina auna shi don sabuwar riga. Dawuda yana tsaye da makullin mota a hannu. Munzali ya zagaya gefen maɗaurin. Ƙusar ta yi tsatsa, ta zubar da jan hawaye a kan tagullar. Ya sa filaya ya zare ta, ya ajiye a gefe. Sai ya buɗe akwatin kayan aikinsa, can ƙasa, ya ɗauko wani ɗan ƙullin tsumma ya kwance. Ƙarfen ne, yana ƙyalli kamar jiya aka goge shi. Wataƙila jiyan aka goge shi. Ya zura, ya shige ba gardama.

Bai dubi kowa ba. Dawuda ya dubi ƙarfen, ya dubi Munzali, ya dube ni. Ni kuwa na ci gaba da awo.

Da yamma Dawuda ya same ni a shago. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Baba Lado, ƙarfen nan ba ɓacewa ya yi ba."

"Ka ga ya fito."

"To don me? Don a ce na yi sakaci? Me na tsare masa?"

Na gama layin da nake ɗinkawa tukuna. "Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, in ya ja wa sabon kalangu fata, ina yake fara kai shi?"

"Ƙofar masassaƙi," in ji shi a hankali. Ya daɗe yana juya makullin motar.

"Amma Baba, shi da bakinsa ya ce ba ya bin ganga."

"Ya ce ba ya bi. Ban ji ya ce ba ya jira ba."

Ranar da za a ɗauki piyanon, Dawuda ya ce wa 'yan dako su zo bayan magariba. Ya yi magana da Mu'allim, tsohon ya ɗaga kafaɗa ya koma ciki. Dawuda ya je ya sami mai kula da masallacin. Ban san me suka ce ba, na dai ga mutumin ya rufe tagoginsa bayan la'asar ya tafi shan shayi can ƙarshen layi. Dawuda ya tuɓe jallabiya ya rage singileti, ya kira makanikan Bangali da ke tsallake, suka turo piyanon har bakin ƙofar warsha, ƙafarsa ta gaba tana kan dakali. Ya ɗaga murfin. Ya kama bakin jan ƙyallen ya zare shi a hankali, yana naɗewa a hannu. Ya ɗan ɗauki lokaci yana daidaita wayoyin.

Munzali yana zaune a kan kujerarsa yana kankare tukunyar gam, kamar bai ga komai ba.

Dawuda ya je gabansa ya durƙusa, ya ɗaga murya yadda zai ji. "Ɗan Sarkin Sassaƙa, na kawo."

"Ka kawo me?"

"Abin da aka saba kawowa."

"Ka makara."

"Na sani, Yaya."

Dawuda ba gwanin kaɗa piyano ba ne, daidaita shi ya iya. Da 'yan yatsu kaɗan ya buga, kuma abin da ya buga taken da mahaifinsa ke yi ne a ƙofar masassaƙa. Ni ba ɗan ƙauyensu ba ne, amma na ji kalangu a ciki. Sautin ya cika layin. Mai gasa burodi ɗan Sudan ya fito da gari a hannu. Motoci biyu suka tsaya.

Munzali ya ajiye tukunyar. Ya taso ya tsaya kusa, ya juya gefen hagu. Ya matsa. Ya juya na dama, ya sake dawo da na hagu. Fuskarsa irin ta mai neman wani a tasha. Sai ya durƙusa, ya shiga ƙarƙashi kamar yadda ya saba, ya ɗora tafin hannunsa a kan allon, daidai inda ya cusa katako shekarun baya. Can ya ɗago ya manna haɓarsa a jikin baƙin katakon, ya rufe ido. Haka ya zauna har Dawuda ya ɗauke hannu.

Mutane suka tafa. Wayoyi duk suna kan Dawuda, wani yana cewa ma sha Allah ya Ustaz. Babu wanda ya leƙa ƙarƙashi. Munzali ya rarrafo ya fito, ya kakkaɓe gwiwa, ya tsaya yana kallon hannayen da ke tafawa.

"Yaya, ka ji?"

"Na ji na ƙasan. Kamar hadari, yadda ka ce." Ya nuna ɓangaren dama, wajen siraran wayoyi. "Waɗannan ba su zo ba."

"Suna nan lafiya, wallahi. Kamar ruwa."

"Kai ka sani. Duk shekarun nan kai kaɗai kake jin wannan."

"In sake bugawa? In buga da ƙarfi?"

"Sau ɗaya ake yi."

Ya koma ciki ya dawo da wani abu a dunƙule, ya kama hannun Dawuda ya sa masa. Ƙusar ce.

"Ga kayanku. A gidanmu ba a sallamar makaɗi hannu wofi."

Dawuda ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. Munzali bai yi dariya ba, amma da aka kawo abinci bayan magariba, tire ɗaya na gani.

Dawuda ne ya kai shi filin jirgi. Jan ƙyallen kuwa Mu'allim ya neme shi ya rasa, kuma ban ce na ga wanda ya sa shi a jakar Munzali ba.

Yanzu Munzali yana ƙauye, ya koma zauren mahaifinsa. Nakan kira shi da Sallah, sai na yi ihu har maƙwabta su leƙo. Yakan tambayi Mu'allim, ya tambayi keken ɗinkina, ya tambayi zafin gari. Sai mun kusa sallama yake cewa, "Wannan ɗan makaɗin fa? Kunnensa ƙalau?"

In ce ƙalau.

Sai layin ya yi shiru, har in ɗauka ya yanke.

"To," in ji shi. "Allah ya bar masa."